Mi ake nufi da koyo?

Karatunmu na yau a kan kalma guda ne. Kalmar kuwa ita ce koyo. Kullum muna faɗinta, a gida da gona da kasuwa, amma ba mu cika tsayawa mu dube ta da kyau ba. Abin da ya sa na ɗauko ta, wani abu ne da ya faru a ajinmu.

Akwai wani dattijo maƙeri da ya shiga makarantar yaƙi da jahilci ta garinmu. Ya ba shekara 60 baya. Kusan duk hauyar da ke unguwarmu daga hannunshi ta fito. Ya yi sati 3 yana zuwa aji, bai taɓa makara ba. Rannan mun tashi, yana tafe riƙe da kaye da bik, sai wasu samari da ke shan shayi bakin hanya suka ce: «Ga ɗan koyo nan, an taso.» Suka yi dariya. Washegari ba mu gan shi ba. Kwana 4 wurin zamanshi ba kowa.

Na tashi na iske shi a maƙera. Bayan mun gaisa na ce: «Baba, lafiya ba mu ganinka?»

Ya ce: «Malam, ni da jikoki, a ce mani ɗan koyo? Na bar ma yara.»

A gefenshi akwai wani yaro zaune yana zuga wuta. Na ce: «Baba, wannan fa?»

Ya ce: «Ɗan ƙanena ne. Koyo yake.»

Na ce: «Kai wa ya koya maka?»

Ya ce: «Mahaifina, Allah ya jiƙan shi. Na daɗe bisa zugazugi kafin ya bar ni in taɓa masaba.»

Na ce: «A lokacin an ce maka ɗan koyo?»

Ya ce: «Ƙwarai kuwa.»

Na ce: «Ka ji kunya?»

Bai ba ni amsa ba. Ya juya ƙarfen da ke cikin wuta. Muka yi sallama na tafi. Tun daga ran nan nake tunanin wannan kalma. Ga abin da na gano a cikinta.

Koyo ya riga makaranta

Koyo shi ne mutum ya ɗauki abin da bai iya ba daga wurin wanda ya iya, ya yi ta gwadawa har shi ma ya iya. Ba mu jira makaranta ba kafin mu fara shi. Jinjiri yana koyon zama, ya koyi rarrafe, ya koyi tafiya. Yana faɗuwa yana tashi. Ba wanda ke yi mashi dariyar mugunta, sai ma a tafa mashi. Daga nan ya koyi magana a bakin uwa tasa.

Yarinya tana koyon daka da surfe da tuƙin tuwo. Tuwonta na farko da gudaji yake fitowa. Yaro yana bin ubanshi gona da ƴar hauya tasa, wani lokaci ya sare hatsi ya bar haki. A Miriya ana koyon ginin tukwane da tuluna, tun daga kwaɓa yumɓu har gashi. A Madawa ana koyon saƙar tabarma da kaba. A Galmi ana koyon dashen albasa da ban ruwa. A Damagaram ana koyon dukanci, wato aikin fata. Yaron tela yana fara da sa maɓalli kafin ya hau keke. Aparanti yana wanke mota ya ɗaure kaya, ya daɗe a haka kafin direba ya ba shi sitiyari.

A duk waɗannan babu littafi, babu alli. Amma kowa koyo yake ce masu. Ashe ke nan duk wanda ke zaune a ajin nan tsohon mai koyo ne. Wanda ya iya noma, da wadda ta iya fura, da wanda ya iya ciniki, kowa ya bi hanyar: ya duba, ya gwada, ya ɓata, an gyara mashi, ya sake. Harafi ma haka ake yi mashi. Hannun da ya saba da ƙotar hauya zai yi nauyi bisa bik kwanakin farko. Yadda ya saba da hauya, haka zai saba da bik.

Koyo, karatu, ilimi, sani

Muna da kalmomi da yawa da ke kusa da juna. Wasu suna gama su wuri guda. Mu rarrabe su.

Karatu daga Larabci muka samo shi. Asalin ma'anarshi duba rubutu a faɗi abin da ke ciki. Daga nan muka sami karanta, da makaranta, wato wurin da ake karatu. Shi ya sa ba mu cewa yarinya tana karatun daka, ko yaro yana karatun kiwo. Karatu yana tafiya da allo ko takarda.

Ilimi ma daga Larabci yake. Shi ne abin da ya taru a kan mutum bayan ya yi karatu ko ya daɗe yana neman sani. Haka malam da ɗalibi da darasi, duka baƙi ne da suka zo tare da addinin Musulunci suka zama ƴan gida. A Larabci malam yana nufin mai koyarwa, ɗalibi kuma mai nema. Lakkol kuwa daga Faransanci ta shigo, zamanin Turawa.

Sani kalmar Hausa ce. Ka san hanyar Tasawa. Kin san sunan maigari. Sani yana iya zuwa lokaci guda: an gaya maka, ka ji, ka sani.

Koyo ma Hausa ce, amma shi ba ya zuwa lokaci guda. In na gaya maka yau kasuwar gari kaza ke ci, ka sani ke nan, ba koyo ka yi ba. In na nuna maka yadda ake rubuta sunanka, ba ka gama ba sai ka riƙe bik ka yi da hannunka, yau ka yi, gobe ka sake. Shi ya sa koyo ya fi karatu faɗi. Ana koyon karatu kamar yadda ake koyon ƙira. Karatu ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake koyo.

Wannan bambanci yana da amfani gare mu. Mutum yakan ce: «Ni ban yi karatu ba, ban san komi ba.» Rabin maganar gaskiya ce, rabi ba gaskiya ba ce. Bai yi karatu ba, haka ne. Amma mai lissafin damma nawa za su kai iyalinshi zuwa kaka, ba za a ce bai san komi ba. Abu guda ya rage mashi, shi ne harafi da lamba bisa takarda. Shi ya kawo mu nan.

Yadda kalmar ke juyawa

Yanzu ku ɗauki kaye. Ku karanta waɗannan layuka 3 da ƙarfi, ku lura da harafin ƙarshe:

Na koyi ɗinki.
Na koye shi wurin yayana.
Ɗinki na koya.

Kalma guda ce, amma ƙarshenta yana sakewa. In ka ambaci sunan abin nan take, sai ka ce koyi: na koyi ɗinki, ta koyi lissafi. In ka ce shi, ko ta, ko su, sai ka ce koye: na koye shi, mun koye su. In ba abin da ya biyo bayanta, sai ka ce koya: abin da na koya ke nan.

Ba koyo kaɗai ke yin haka ba. Ku dubi saye:

Na sayi hatsi.
Na saye shi da tsada.
Hatsi na saya.

Bakinku ya san wannan tun kuna yara, ba wanda ya taɓa yin kuskurenshi a magana. A rubutu ne ake tuntuɓe, don hannu yana gaggawa ya sa a wurin da i ya kamata. Wata rana na ce ma aji su rubuta: «Na koyi lissafi.» Wata dattijuwa ta rubuta: «Na koya lissafi.» Na miƙa mata alli na ce: «To Inna, bisimilla, taso ki hau tabulo. Yau ke ce malama.» Ta ce: «Ni? Ɗan nan, rufa mani asiri.» Na nuna mata harafin. Duk aji aka yi dariya, har da ita. Domi? Don wanda ya ce ya koya lissafi, mai ji zai ɗauka shi ne ya koyar. Harafi guda ya mai da ɗaliba malama. Wannan ya kawo mu babban abin da ke cikin kalmar.

Karɓa da bayarwa

Ku karanta waɗannan:

Na koyi ɗinki.
Na koya ma ƙanena ɗinki.

A layi na farko ni ne na karɓa. A layi na biyu ni ne na bayar. Kalmar ba ta sake ba. Ƴar ƙaramar kalma ma ce ta shiga, sai aikin ya juya. Mu a nan muna cewa koya ma, mutanen Kano suna cewa koya wa. Duka daidai ne. Haka koya mani, koya maka, koya maki, koya mashi, koya mata, koya masu.

Akwai kuma koyar da. Malam yana koyar da yara. Tela yana koyar da ɗinki. Aikin malam shi ne koyarwa. Wajen Tawa da Ƙonni da Dogon Dutsi za ka ji an ce koyas da, ko koyad da, da koyaswa. Magana guda ce. A littafi koyar da za ku riƙa gani. Tafiyarsu ɗaya da saye da sayarwa: na sayi akuya, na sayar da akuya.

Wasu harsuna suna da kalma dabam ta mai karɓa, da kalma dabam ta mai bayarwa. Hausa ta gama su cikin tushe guda. Akwai wasu kalmomi 2 da muke yi ma haka, kuma kun san su sarai:

Na ari gatari wurin maƙwabcina.
Na ara ma maƙwabcina gatari.

Na ranci kuɗi wurin yayata.
Na ranta ma yayata kuɗi.

Kun gani? Koyo yana tafiya kamar aro da rance. Abu ne da ke fita daga hannun wani ya shiga hannun wani. Ba wanda ya faɗo da shi daga sama. Maƙerin nan wurin ubanshi ya karɓa, ubanshi wurin kakanshi. Ni ma wani ya riƙe hannuna ya nuna mani a da b.

Amma akwai inda suka rabu. In ka ara ma maƙwabci gatari, ran nan kai ba ka da gatari. In ka ranta mashi jika guda, aljihunka ya ragu da dala 200. In ka koya mashi harafi kuwa, harafin yana nan wurinka bai tafi ko'ina ba. Ƙara zama ma yake yi. Ni kaina ban gane lissafin rabawa da kyau ba sai da na fara koyar da shi. Kuma abin aro ana mai da shi ga mai shi. Abin da ka koya ba ka iya mai da ma malam. Sai dai ka miƙa ma na bayanka.

Abin da rubutu ba ya nunawa

Ku saurari bakinku. Ku ce: «Abin da na koya.» Murya tana farawa ƙasa, ta hau sama. Ku ce kuma: «Na koya mashi.» Nan murya tana farawa sama, ta sauko. Kunne yana jin bambancin. Amma a takarda haruffa 4 ne iri ɗaya: k, o, y, a.

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna hawa da saukar murya. Ba ya nuna jan wasali kuma. A 1966 an yi taro a Bamako, ƙasar Mali, don a daidaita haruffan harsunanmu, har da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Bayan taron, littattafan Nijar sun yi shekaru suna rubuta dogon wasali sau 2. In kun sami tsohon littafin yaƙi da jahilci, za ku ga kalmomi da aa ko oo a ciki. Daga baya aka bari, aka koma wasali guda. Amma ko a wancan lokaci ba a sa alamar murya ba.

To ƙaƙa za a yi? Dabarar ita ce, kada ka tsaya kan kalma guda ka yanke hukunci. Karanta magana duka, daga babban harafi har aya. Abin da ke gaba da abin da ke baya su za su gaya maka wace koya ce. In ka ga ma, ko mani, ko mashi a bayanta, to bayarwa ce. In ba ka gan su ba, sake dubawa. Mai sabon karatu yakan karanta layi sau 2: na farko don haruffa, na biyu don ma'ana. Wannan ba laifi ba ne. Mu ma haka muke yi in takarda ta yi wuya.

Dangin koyo

Kalmar tana da ƴan uwa da yawa. Ga waɗanda muka fi ji.

Ɗan koyo, ko ƴar koyo: wanda ya fara abu bai ƙware ba tukuna. Ana kuma cewa makoyi, makoyiya, makoya. Sunan mataki ne, kamar a ce ango ko amarya. Ba a dawwama cikinshi.

Koyo na biyu: ku ji wannan magana. «Ya tafi ci rani Abijan, ya koyo gini.» Ko uwa ta ce ma ɗanta: «Ina ka koyo wannan hali?» Nan koyo yana nufin an koya a can, an zo da shi nan, kamar sayo da ɗauko. Rubutu ɗaya da koyon farko, murya dabam. Wasu sana'o'in da ke garuruwanmu haka suka shigo: wani ya koyo gyaran babur a Kano, wani ya koyo gashin burodi a Yamai.

Koyi: yin koyi da mutum shi ne bin halinshi. Muna cewa wance abin koyi ce, wato halinta ya isa a bi. Yara da manyansu suke koyi. In yaro ya ga ubanshi ya buɗe kaye da dare, shi ma zai nemi nashi.

Kwaikwayo: shi ma kusa yake, ko a kunne. Kwaikwayo shi ne yin abu yadda ka ga wani ya yi. Da shi koyo ke farawa. Amma mai kwaikwayo kaɗai, in an ɗauke abin da yake dubawa sai ya tsaya. Wanda ya zana sunanshi don ya haddace siffarshi, bai san haruffan ɗaya ɗaya ba, kwaikwayo ya yi. In ya ga haruffan a cikin wata kalma ya gane su, to ya koya.

Koyuwa: mukan ce abu kaza yana koyuwa, ko ba ya koyuwa. Na sha jin dattawa suna cewa: «Karatu ba ya koyuwa ga tsoho. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.» Gaskiya ne yaro ya fi saurin riƙewa, don ba ya tunanin cefane. Amma babba ya fi shi sanin abin da ya kawo shi. Yana so ya karanta takardar likita, ya duba awo da idonshi, ya sa hannu inda ya gane abin da aka rubuta. Hausawan da suka yi karin maganar icce, su ne kuma suka ce gemu ba ya hana ilimi.

Sai ku lura, ba alheri kaɗai ake koyo ba. Ana koyon ƙarya, ana koyon caca wurin abokan banza. Akwai kuma maganar faɗa: «Zan koya maka hankali.» Mai faɗin haka ba darasi zai ba ka ba, ka yi nesa da shi. In an ce duniya ta koya ma wane hankali, wuya ya sha.

Koyo da iyawa

Akwai kalma guda da koyo ke nufa, ita ce iyawa. Mukan ce: «Ya koyi tuƙi amma bai iya ba.» Ba mukan ce ya iya amma bai koya ba. Koyo ke gaba, iyawa na biye. Tsakaninsu kuwa akwai rami, kuma mutane da yawa nan suke faɗawa.

A Nijar an kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci ta manya a 1963. Tun lokacin iyayenmu da yayyenmu suke shiga aji. Ku tambaya a garinku, za ku sami wanda ya taɓa yi har aka ba shi takardar shaida, amma yau sunanshi ma da ƙyar yake rubutawa. Ba wauta ce ta yi mashi haka ba. Ga dalili. Ajinmu da rani yake aiki. In ruwa ya sauka kowa ya nufi gona, daga shuka sai noma, sai maimai, sai girbi. Wata 5 ko 6 kaye yana rataye cikin jaka. In aka dawo, haruffa sun watse kamar kaji. Na ga wannan da idona shekara da shekaru, kuma shi ne abin da ya fi ɓata mani rai a aikin nan.

Amma na lura da wani abu. Waɗanda ke dawowa da karatunsu daram, kusan kullum akwai wanda suke koya ma a gida. Wata kishiyarta ce, wani ƙanenshi, wata jikarta da ba a sa lakkol ba. Don su nuna ma wani, dole su buɗe kaye. In ya tambaye su abin da suka manta, dole su nemo. Da haka nasu ke zama.

Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya daidai. Bayan ya wanke ma yana komawa baya yana tilawa, don hadda in ba a bita zubewa take. Kuma malam yakan sa manyan almajirai su biya ma ƙanana. Ƙaramin yana samu, babban ma yana samu.

Don haka kada ka jira sai ka gama littafi kafin ka koya ma wani. In haruffa 10 ka riƙe, akwai wanda bai riƙe ko guda ba a gidanku. Ba shi 10 ɗin. In ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce: «Bari in tambayo malam.» Matambayi ba ya ɓata.

Ga kuma ƙananan ayyuka da za su riƙe maka hannu da damina. Rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka. Rubuta tiya nawa ka shuka. Da kaka rubuta damma nawa suka shiga rumbu. Mata masu adashe, ku rubuta sunan wadda ta zuba da wadda ta kwasa. Mai salula, ka sa sunayen mutane da hannunka, ka bar miƙa ma yaro. Layi guda a yini ya isa.

Labarin maƙeri

Na san kuna so ku ji ƙarshen dattijon nan. Bayan sati guda ya dawo aji. Bai ce komi ba, ni ma ban ce ba. Ya zauna wurinshi. Samarin suna nan bakin hanya, sun sake faɗin maganarsu sau ɗaya ko biyu, da suka ga bai kula ba suka gaji suka bari.

Da damina na kai mashi hauyata gyara. Sai na ga bangon maƙera duk rubutun gawayi. Ga ba, be, bi, bo, bu. Ga sunayen masu kawo gyara, kowa da kuɗin da ake bin shi. Na ce: «Baba, wa ke wannan aiki?»

Ya nuna yaron da ke zuga, ya ce: «Ni da shi. Da safe in koya mashi ƙira, in wuta ta mutu in koya mashi baƙi.»

Na ce: «Ashe ka zama malam.»

Ya ce: «Wane ni, Malam. Har yanzu b da d suna rikita ni. Shi yake gyara mani wani lokaci.»

Da aka buɗe aji bayan kaka, bai manta ko harafi guda ba. B da d kuwa sai da muka ƙara wata 2 a kansu.

Tambayoyi

1. Mi ya sa maƙeri ya bar zuwa aji?
2. Mine ne bambancin koyo da karatu?
3. Mine ne bambancin «na koyi saƙa» da «na koya mata saƙa»?
4. Ta ina koyo ya yi kama da aro? Ta ina suka rabu?
5. Mi ke sa karatu ya zube da damina?

Aiki

Ku cika wurin da aka bari da koyi, ko koye, ko koya:

Na ...... noma wurin babana.
Lissafi ne muka ...... jiya.
Haruffan nan, mun ...... su duka.
Ta ...... ma ɗiyarta rubutu.

Bayan haka kowa ya rubuta layi 2 a kayenshi. A layi na farko, abu guda da ka iya da sunan wanda ya koya maka. A layi na biyu, sunan mutum guda a gidanku da za ka koya ma harafi kafin damina. Gobe in Allah ya kai mu, kowa zai karanta nashi.